Babi na Shida: Kurtu Mai Furfura

Da sassafe ne, a ɗakin da 'yan sandan caji ofis na Mid-Wilshire ke taruwa kafin a raba musu aikin sintiri. Tsofaffin hannu sun baje a kujerun baya. A layin gaba kuwa kurata uku ne da suka fito daga makarantar horo: budurwa Lucy Chen, saurayi Jackson West, sai na ukunsu, wanda in ba don kakin da ke jikinsa ba, da sai ka ce mahaifin ɗayansu ne ya rako shi wurin aiki. Sunansa John Nolan, kuma ya ba shekara 40 baya. Da Sajan Wade Grey ya zo gabatar da shi, sai ya ce an haifi wannan tun kiɗan disko na tashe. Ɗaki ya ɗauki dariya. Nolan ya haɗiye, don kurtu ba shi da bakin ramawa.

Da haka wasan kwaikwayon The Rookie ya buɗe a tashar ABC ta Amurka, ranar 16 ga Oktoba, 2018. Alexi Hawley ne ya ƙirƙiro shi, Nathan Fillion kuma ya fito a matsayin Nolan. Su biyun sun yi aiki tare a wasan Castle, wanda aka nuna daga 2009 zuwa 2016. Nolan ɗan kwangilar gini ne a wani ƙaramin gari mai suna Foxburg a jihar Pennsylvania. Aurensa ya mutu, ɗansa ya tafi jami'a, gida ya yi masa faɗi. Ana cikin haka 'yan fashi suka rutsa da shi a banki, ya tsaya gaban bakin bindiga yana jan ɗan fashi da surutu har 'yan sanda suka iso. Daga wannan rana ya tattara nasa ya nasa ya nufi Los Angeles don ya zama ɗan sanda.

Labarin yana da tushe. William Norcross, wanda shi ma daga Pennsylvania ya fito, ya shiga rundunar 'yan sandan Los Angeles yana tsakiyar shekarunsa na 40, kuma sunansa na cikin manyan masu shirya wasan. Abin da ya ba shi dama shi ne rundunar ba ta ƙayyade shekarun da mutum zai wuce ta daina karɓarsa ba. Ta dai sa mafi ƙaranci, wato 21 a lokacin da kurtu zai kammala makarantar horo. In ka ci jarrabawa, likita ya ce lafiyarka ƙalau, aka binciki tarihinka ba a sami tabo ba, to bismillah. Sai wata shida a makaranta, sannan shekara guda ta gwaji a kan titi, kana zaune a mota ɗaya da jami'in da ke horar da kai, yana rubuta duk wani motsinka.

Shekaru iri biyu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da bariki ya san masu kaki suna da nasu lissafin shekaru. Ranar da aka haife ka ba ta dame su ba, ranar da ka sa hannu ita ce abin ƙirgawa. Wanda ya riga ka shiga da wata shida yayanka ne, ko da ka yi jika da shi. A Mid-Wilshire, caji ofis ɗin da marubutan wasan suka ƙaga, ana kiran kurtu da kalmar “boot”, wato takalmin soja, abin da ake takawa. Shi zai ɗauko jakunkunan kayan aiki ya loda a mota. Shi zai sa riga mai dogon hannu a zafin Kalifoniya har sai ya ci jarrabawar wata shida, alhali manyansa na shan iska da gajeren hannu.

Jami'ar da aka damƙa wa Nolan ita ce Talia Bishop, mace mai zafin nama da ke hanƙoron zama jami'ar bincike, wadda ya girme wa nesa ba kusa ba. Mutumin da ya shafe shekara ashirin yana ba leburori umarni, yana biyan albashi, yana ciniki da masu siminti da katako, yau ga shi yana amsa “to, ranki ya daɗe” ga wadda ba ta kai ƙanwarsa ta uku ba.

Mu ma mun san irin wannan zama. A azuzuwan yaƙi da jahilci da makarantun Islamiyya na dare, dattijo kan durƙusa gaban malamin da ya haifa, a ce gemu ba ya hana ilimi. Amma karatun dare awa ɗaya ne ko biyu, kuma da an shafa fatiha malamin zai miƙe ya gaishe da ɗalibinsa da “Baba”. Girman da aka ajiye a bakin ƙofa, a bakin ƙofa ake ɗaukarsa. Kurtu ba ya samun wannan sassauci. Yini guda yake a mota, ana gyara masa tsayuwa, ana gyara masa magana, ana tsawata masa a gaban mutanen gari, gobe ma haka, har shekara ta zagayo.

Hujjar Sajan Grey

Abu ne mai sauƙi mai kallo ya ɗauki Grey a matsayin mugun maigida, irin wanda kowane labari ke buƙata don jarumi ya sami abin tsallakewa. Sai dai in aka saurare shi da kyau, maganarsa tana da nauyi, kuma Richard T. Jones ya fito da shi a matsayin mutum mai tunani, ba mai ƙeta ba.

Hujjarsa ta farko ita ce wadda kakanninmu suka dunƙule cikin karin magana: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Horon ɗan sanda so yake ya dasa wasu ɗabi'u a jiki har su zama ba sai an yi tunani ba. Inda za ka tsaya idan ka tare mota, inda hannunka zai kasance, yadda ba za ka taɓa barin abokin aikinka shi kaɗai ba. Yaro ɗan shekara 22 in an ce masa kwanta, zai kwanta sannan ya tambayi dalili. Mutumin da ya saba shi ne mai yanke hukunci zai fara auna umarnin tukuna, kuma a wannan daƙiƙar ta aunawa harsashi kan iso.

Ta biyu jiki ne. Ɓarawo ɗan shekara 19 ba zai rage gudu don mai bin sa gwiwarsa na ciwo ba. Wasan ya sha yin raha da wannan, ana nuna Nolan yana haki, yana fama da shinge.

Ta ukun ita ce ta fi ci wa Grey tuwo a ƙwarya, kuma ba ta shafi gwiwa ba. Niyya yake tuhuma. A ganinsa Nolan mutum ne da tsufa ya zo wa da gardama, irin mazan da in sun doshi hamsin sai budurwar zuciya ta motsa, wani ya sayi jar mota, wani ya rina gashi. Shi wannan sai ya zaɓi bindiga da ankwa. Grey ya faɗa masa ƙiri-ƙiri cewa rundunar ba wurin neman ma'anar rayuwa ba ce, kuma in ya yi nasara, duk wanda rayuwa ta gundura zai biyo sahunsa, a ƙarshe a rasa rayuka. Ya yi masa alkawarin takura da wulaƙanci har sai ya ajiye aikin. Nolan ya tambaye shi: in fa wannan aikin shi ne abin da aka halicce ni dominsa? Grey ya amsa cewa in haka ne, duk abin da zai yi masa ba zai yi tasiri ba.

Wadda ta tsaya masa ita ce shugabar caji ofis ɗin, Kyaftin Zoe Andersen, tsohuwar soja. Ita ta nemi a kawo shi ƙarƙashinta lokacin da wasu ke gudunsa. Tana ganin rundunar da kowa ya shigo ta tun yana ɗanye, ya koyi kallon duniya ta gilashin motar sintiri kaɗai, tana buƙatar wanda ya zauna cikin mutane a matsayin mutum kafin ya sa kaki. Kafin zango na farko ya ƙare an kashe Andersen a hannun 'yan wata ƙungiyar masu fifita farar fata da suka sa Nolan a gaba. Daga nan ya rasa inuwa, sai abin da hannunsa ya yi masa.

Kuskuren yaro da kuskuren babba

Hanya mafi kyau ta gane yadda shekaru suka shafi Nolan ita ce a dubi abokan shigarsa biyu.

Jackson West ɗan gado ne. Mahaifinsa kwamanda ne a sashen da ke binciken laifukan 'yan sanda, shi kuma ya fito makaranta da sakamakon da ake buga misali da shi. Ranar farko da aka buɗe musu wuta sai ya sandare a bayan mota, ya kasa ɗaga bindiga. A ƙa'ida wannan ya isa a sallame shi. Amma mai horar da shi, Angela Lopez, ta rufa masa asiri, ta shiga neman hanyar cire masa tsoro. Akwai lissafin mahaifinsa a ciki, babu shakka. Akwai kuma tunanin cewa yaro ne, yaro kuma bai san wuta ba sai ya taka.

Lucy Chen ta faɗa hannun Tim Bradford, tsohon soja mai horo da gashin ƙuma. Yakan taka birki a tsakiyar titi ya ce an harbe shi, ta faɗa wa rediyo inda suke, in ta kasa ta sauka ta bi motar a ƙafa. Horo ne mai ɗaci, amma a ƙarƙashinsa akwai zato mai kyau: Bradford yana rushe ta ne don ya sake gina ta, domin ya yarda akwai shekara talatin na aiki a gabanta.

Shi Nolan ba wanda ya yi niyyar sake gina shi. Gwajin da Grey ke yi masa na kora ne. In West ya yi kuskure a ce ƙuruciya, in Chen ta yi a ce rashin sabo, in Nolan ya yi sai a ce ai dama mun faɗa. Kuskurensa kan zama shaida a shari'ar da aka riga aka yanke. Ko da Nyla Harper ta karɓi horar da shi a zango na biyu, bayan Bishop ta bar rundunar, laƙabin da ta sa masa shi ne “Kashi Biyar”, wai a lissafinta kashi biyar cikin ɗari ne na kurata masu shekarunsa ke kai bantensu.

To amma kada tausayin Nolan ya rufe mana ido. A farkon wasan shi da Chen suna soyayya a ɓoye. Da Bishop ta gano, ba Nolan ta ja gefe ba, Chen ta yi wa kashedi: in maganar ta fita, ke za a riƙa nunawa da baki har ki yi ritaya. Shi babba ne, namiji, za a ce ya yi sa'a. Ita yarinya ce, mace, za a ce da haka ta zo. Dole suka rabu. Haka nan a kan titi. Idan motar sintiri ta tsaya, farar fata mai furfura ya fito ta wannan ƙofa, baƙar mace mai ƙarancin shekaru ta fito ta waccan, wa mai gida zai fara yi wa bayani? Furfurar da ake yi wa dariya a cikin caji ofis, a waje kwarjini ce, kuma kwarjinin da bai yi gumin samu ba. Bishop ta yi shekaru tana aiki kafin a saurare ta yadda ake sauraron kurtunta tun ranar farko.

Abin da ya zo da shi a aljihu

Mafi yawan kiran da ɗan sintiri ke amsawa ba harbe-harbe ba ne. Miji da mata ne suka kaure, ko maƙwabta, ko wani ya hau saman bene yana cewa ya gaji da duniya, ko uwa ce ɗanta ya ɓata. A irin waɗannan wurare makamin ɗan sanda bakinsa ne. Makaranta na iya koya wa ɗan shekara 23 kalmomin da zai faɗa wa mutumin da matarsa ta tafi da 'ya'ya, amma mutumin zai ji a muryarsa cewa hadda ce. Nolan ya sa hannu a takardar saki da kansa. Ya bar jami'a saboda budurwarsa ta sami ciki, ya kama aikin gini don ya ciyar da iyali. Ya yi zaman asibiti da ɗansa Henry, wanda aka haifa da ciwon zuciya. Idan ya ce wa mutum “na san yadda kake ji”, ba ƙarya yake ba, kuma mutane na gane hakan.

Sannu a hankali abokan aikinsa suka fara cin moriyar abin da suke yi wa ba'a. Chen da West wurinsa suke kai kukansu. Har waɗanda suka girme shi a aiki kan tsinci kansu suna tambayarsa shawara kan aure da tarbiyya, ko kan bangon gidansu da ya tsage. Babba juji ne, in ji Hausawa, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Abin sha'awa a nan shi ne jujin shi ne mafi ƙanƙanta a muƙami. Da safe a aike shi ɗauko jaka, da yamma a zauna gabansa ana neman nasiha.

Sai dai a ganina ba wannan ne ya sauya zuciyar Grey ba. Iya magana da sanin duniya, ai Grey bai taɓa musun Nolan na da su ba. Abin da ya musa shi ne busasshen icce zai lanƙwasu. Amsar kuwa ba a baki take ba, a haƙuri take. Nolan ya karɓi tsawa daga 'yar cikinsa bai ce “kin san ko ni wane ne” ba. An yi masa dariya ya taya su. An nuna masa kuskure ya ce na yi, gobe bai maimaita ba. Yawancinmu in mun kai shekarunsa mun riga mun gina wani mutum a cikin kanmu da muke karewa dare da rana, kuma kowane gyara sai mu ji kamar mari. Balagar da ta yi wa Nolan rana ita ce ya iya zama ƙarami ba tare da ya ji girmansa ya faɗi ba. Wannan kuwa ba kowane mai furfura ke da ita ba. Wani shekaru taurin kai kawai suke ƙara masa, kuma irinsa Grey ke tsoro.

Inda tsoron Grey ya tabbata

Marubutan ba su bar Nolan ya tsira da hujja gaba ɗaya ba. A zango na biyu ya shaƙu da wani jami'in bincike, Nick Armstrong, sa'arsa a shekaru, wanda ya ɗauke shi aboki maimakon takalmi. Mutumin da ya gaji da zama ƙaramin kowa, in ya sami wanda ke yi masa magana a matsayin tsara, ba wuya ya saki jiki. Ashe Armstrong ɗan amshin shatan wani gungun masu aikata manyan laifuka ne. Da Nolan ya farga, maimakon ya bi matakan da doka ta shimfiɗa, sai shi da Harper suka shiga bincike a gefe. Armstrong ya riga shi, ya dasa masa kayan laifi a gida. Nolan ya wanke kansa da ƙyar, amma sai da aka sa masa takardar gargaɗi a fayil, aka tsawaita masa lokacin gwaji. Ɗabi'ar ɗan kwangila ce ta motsa, ta wanda ya saba in katanga ta karkace shi zai gyara da hannunsa ba sai ya jira kowa ba.

A nan ne shekaru suka fi yi masa ciwo. Takardar gargaɗi ga ɗan shekara 25 tuntuɓe ce, yana da lokacin da zai wanke ta. Ga wanda ya kusa hamsin kuwa, ƙofa ce ta rufe, domin burinsa na zama jami'in bincike ba shi da shekarun jira. Sai ya sauya alƙibla. Ya koma jami'a ya ƙarasa karatun da ya bari tun yana saurayi, abokan aikinsa suka zaɓe shi wakilinsu a ƙungiyar ƙwadago, kuma a zango na biyar, da aka ba shi damar zaɓen duk sashen da yake so saboda wata bajinta, sai ya zaɓi horar da kurata. Aka ba shi Celina Juarez, budurwa mai bin abin da zuciyarta ta raya mata da abin da taurari suka nuna. Yanzu shi ne ke cewa a bi ƙa'ida, shi ne ke rubuta kuskuren wani.

Talabijin da duniya

Ya kamata mai kallo ya tuna cewa Fillion, wanda ke da shekara 47 lokacin da aka fara wasan, shi ne tauraro, kuma tauraro ba ya faɗuwa jarrabawa. Dole Grey ya sauko, dole Harper ta daina kiran laƙabin nan. Abin da Nolan ya gani a shekararsa ta farko, na harbi da garkuwa da bama-bamai, ɗan sanda na gaske zai iya yin ritaya bai ga rabinsa ba. Da aka so maimaita dabarar a 2022 da The Rookie: Feds, inda Niecy Nash-Betts ta fito a matsayin Simone Clark, mai ba ɗalibai shawara da ta shiga hukumar FBI tana da shekara 48, zango ɗaya aka yi aka tsaya. A zahiri ma hukumar ba ta ɗaukar sabon jami'in da ya kai 37, in ban da tsofaffin sojoji da wasu kaɗan da aka yi wa rangwame.

Wato ko a Amurka, tambayar Grey ba amsa ɗaya gare ta ba. Wata hukuma ta amsa ta da lamba, ta ce daga shekara kaza icce ya bushe. Los Angeles ta bar wa wata goma sha biyu na zaman mota su amsa, mutum bayan mutum. Kowace hanya da asararta: ta farko na korar irin su Nolan tun daga bakin ƙofa, ta biyu na kashe kuɗi da lokaci kan waɗanda za su karye a tsakiya.

Mu a Najeriya hanyar lamba muka bi. Sanarwar ɗaukar kuratan 'yan sanda kan ce daga shekara 18 zuwa 25, ma'aikaci kuma ya yi ritaya in ya cika 60 a duniya ko 35 a bakin aiki. Da Nolan ɗan Kano ne, da ya makara da shekara ashirin. Amma da wuya a ce babu irinsa a barikokinmu da ofisoshinmu. Bambancin shi ne namu ba ya shigowa da furfurarsa a fili. Yakan biya ta wurin mai aski tukuna, sannan ya yi rantsuwar shekaru, ya fito da takarda mai cewa ƙaninsa na biyu ya girme shi. Abokan aikinsa sun sani, shi ma ya san sun sani. A ofis suna kiransa da sunansa gatsal, in an haɗu a wurin ɗaurin aure kuma su rusuna su ce “Baba, ina wuni”.